Hannu a Gilashin Dattijuwa

Lahadi, 14 ga Yuli 1996, bayan sallar asuba

Wannan littafin darasin kimiyya ne na 'yan aji shida, aka yi hutu da sauran shafi talatin ba a taɓa ba. Ni Balkisu, madam ɗin da ke murɗe kunnen yara in sun rubuta shirme a littafin lakwal, wato makaranta, ga ni yau ina rubuta nawa.

Kwana uku ke nan da fitar maigidan. Hafizu. Ga shi na rubuta sunan, abin da bakina bai taɓa yi ba a gaban mahaifiyarsa. Ya fita ranar Alhamis da asuba, da ƙafa, mutumin da duk Sabon Gari aka san ko kiran sallah ya ji a ƙarshen layi sai ya duba ko da mai a mota. Ya bar ta a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar bedi, ya lulluɓa mata tamfol. Da ita yake jigilar mutane zuwa Tibiri da Jiratawa, yana kiranta Dattijuwa don ta girme aurenmu nesa ba kusa ba. A bakin ƙofa ya gaya mini inda za shi, sannan ya ce, "Ki kula mini da Dattijuwa, damina ce, kada ta yi funfuna." Ni dai ba a bar wa kowa sallahun kula da ni ba.

Ba zan rubuta sunan garin da ya faɗa ba. Littafi ba ya riƙe sirri, duk wanda ya buɗe shi zai gaya masa. Haka ma abin da ke faruwa a gari tun ranar zaɓe, rediyo na faɗin nata, titi na faɗin nasa, ni ba ni da abin ƙarawa.

Ranar Juma'a da safe mutum biyu sun zo, rigunansu irin na kowa, takalmansu ba irin na kowa ba. Sun tambayi inda yake. Na ba su sunan wani gari daban, ban ko ƙifta ido ba. Har yanzu in na tuna ina jinjina wa kaina.

Litinin, 15 ga Yuli, ƙarfe shida da rabi na safe

Na ɗaga tamfol don in kakkaɓe ganyen bedi. Gilashin gaba ya yi gumi, fari fat. Na sa bakin zane na goga ta waje, bai motsa ba, ashe daga ciki yake.

A gefen direba akwai hannu. Tafi ne ya sharo gumin daga hagu zuwa dama, ya tsaya, ya bar shatarsa, tafin da yatsu biyar, ƙaramin ya karkace waje yadda nasa ya karkace tun da ƙofar mota ta datse shi. Na tsinci kaina zaune a ƙasa, ban san lokacin da na zauna ba.

Da hankalina ya dawo sai madam ta farka. Na koyar da wannan ya fi sau goma. Iska mai ɗumi da danshi in ta taɓa abu mai sanyi sai ta sauke ruwanta, kamar murfin tukunya. Hannun mutum kuma yana da maiƙo, inda ya taɓa gumi ba ya zama daidai, shatar tana nan a ɓoye sai gilashin ya yi gumi ta bayyana. Ranar Alhamis ya shiga motar, ya zauna, har ya sa makulli, sannan ya fito ya ce duk gari an san Dattijuwa. A wannan zaman ya goge.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Hafizu ba ya taɓa gilashi da hannu. Yana da tsumma na musamman a aljihun ƙofa, ko kuka kake ba zai ba ka aro ka share hawaye ba. Ya taɓa sauke fasinja a hanyar Tibiri don ya dafa masa gilashi bayan ya ci tsire. Mutumin nan ne ya goge da tafinsa, ga tsumma kusa da gwiwarsa. A bakin ƙofa yana ta yi mini dariya, wai kwana biyu ne. Ashe tsoro yake ji, ni kuwa ban gani ba.

Ƙarfe takwas rana ta hau, gumin ya tafi da hannun.

Talata, 16 ga Yuli, hantsi

Inna ta gani. Ita ce mahaifiyarsa, tana tare da mu tun rasuwar Baba. Idonta ba ya iya zura zare a allura, amma daga bakin ɗakinta ta hango, ta taho da buta a hannu ta tsaya.

"Wanga hannun Autana ne," in ji ta.

Na ce, "Inna, danshi ne. Tsohuwar shata ce, gumi ke fito da ita."

"Na ji, malama. Da ya mutu da hannun ya bushe. Shina da rai, gaisuwa ce ya aiko."

Na buɗe baki zan kawo mata zancen murfin tukunya, sai na ga fuskarta, na rufe. Tun Alhamis ba ta ci abin kirki ba. Yau ta sha fura rabin ƙwarya. Da yamma ta zuba tuwo a kwanon Hafizu ta rufe da faifai, ta ce kada a taɓa, matafiyi ba ya aiko da ranar dawowa.

Alhamis, 18 ga Yuli, asuba

Hannun ya fito. Sati guda da tafiyarsa.

Asabar, 20 ga Yuli, bayan azahar

Na buɗe ƙofar baya, wari ya mare ni. Funfuna ta fara a ɗinkin kujera, kore-kore, ta hau bel ɗin ɗaura jiki. Na taka kafet ɗin ƙasa, ruwa ya fito tsakanin yatsun ƙafata.

Ba duka ruwan sama ba ne, na sani. Ranar Laraba, ana gobe zai tafi, ya dawo da la'asar sakaliya ya rufe ƙofar gida, ya ɗebi bokiti bayan bokiti yana kwara wa kujerar baya. Bokiti shida na ƙirga. Mutumin da ke goge cikin motarsa da tsumma mai ɗan laima, yana yi yana lallashinta. Na fito zan taya shi ya ce in koma ɗaki. Ban tambayi abin da ya ɗauko ba, ko wanda ya ɗauko. Na dai ga launin ruwan da ya bi ta rariya.

Na yi abin da na sani. Gawayi a tsoffin safa huɗu, biyu ƙarƙashin kujerun gaba, biyu a baya. Gishiri a kwano a kan kujera. Na sauke gilasan gefe faɗin yatsa. Tsumman nan na nan a aljihun ƙofa, na gan shi, na bar shi inda yake.

Litinin, 22 ga Yuli, da yamma

Ruwa tun safe. Gishirin ya zama kunu, na zubar na sake.

Matan layi sun rasa gaisuwar da za su yi mini. Ba su iya cewa "ya haƙuri" ba, don ba a yi mutuwa ba. Ba su iya cewa "ya maigida" ba. Sai su ce, "Madam, ya ruwa?" Ni kuma in ce ruwa ya yi gyara, mu tsaya muna duban ƙasa kamar masu neman allura. Ɗaya ce ta yi ƙarfin hali ta ce an samu labari? Na ce yana lafiya. Ina da hujjata, na san gidan da yake, na san matar gidan ba ta ƙyashin man gyaɗa a miya.

Inna yanzu ta riga ni tashi. Kafin in sallame sallah tana bakin motar, ta ɗaga gefen tamfol, tana gaishe shi. "Ka kwana lahiya, Auta?" Ina jin ta daga ɗaki tsigar jikina tana tashi. Abin kunyar shi ne ni ma ina jiran ta dawo ta ce ya fito.

Alhamis, 25 ga Yuli, bayan la'asar

Malam Irmiya ya zo. Makanisiye ne, mai gyaran mota a Tibiri, abokin Hafizu tun ƙuruciya, shi kaɗai aka yarda ya taɓa injin Dattijuwa. Da na ji babur ɗinsa zuciyata ta yi tsalle, na tare shi a zaure tun bai gama sallama ba, na rage murya.

Na ce, "Yana cin abinci? Tarin nan ya sake shi?"

Ya dube ni. "Wa, madam?"

"Haba Malam Irmiya, ba kowa a nan sai ni."

Ya ajiye jakarsa a ƙasa a hankali. "Madam, ni tambaya ta kawo ni. Sati biyu ban gan shi tasha ba. Ni da matata Saloma mun yi zaton ko ya tsallaka iyaka. Rabona da shi tun waccan Laraba."

Yanzu ba amfanin ɓoyewa, littafi ya sha. Tibiri ya ce mini za shi, gidan Irmiya. Bai je ba. Sati biyu ina ƙiyasta shi zaune a tabarmar Saloma yana ƙorafin gishiri ya yi yawa, ashe ko ƙofar bai taka ba.

Irmiya ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a kan mota. Ya ɗaga tamfol, ya shinshina, ya girgiza kai. Ya ce tamfol ɗin da aka manna mata shi ke dafa ta, kamar an rufe dambu. Ya ce gawayina da gishirina ba laifi, amma muddin soson da ke ƙarƙashin kafet yana jiƙe, ina kwasar kogi ne da ludayi. In aka bar ta haka har ƙarshen damina, ƙasan zai yi tsatsa ya huje, wayoyi su ruɓe, sai dai a sayar wa masu tukwane. Zai dawo ranar Talata da kayan aiki.

Da zai tafi ya ce za su sa Hafizu a addu'a a majami'a. Na ce na gode, da gaske kuma nake.

Juma'a, 26 ga Yuli, asuba

In ba Tibiri ba, ina? Akwai garin da ba na son bakina ya sake faɗa.

Lahadi, 28 ga Yuli, da rana

Yaya Maliki, wan Hafizu, ya zo daga kasuwa. Ya zaga ofis uku yana tambaya, ko'ina an ce ba su san da mai wannan suna ba, a na ukun har an tambayi nasa sunan an rubuta. Ya ce daga yau ya daina zagaye, yana da 'ya'ya bakwai. Ban ga laifinsa ba, amma ban kawo masa ruwa da wuri ba.

Inna ta ja shi ta nuna masa gilashi, rana tsaka, ba komai a jiki. Ta ce ya zo da asuba. Ya dube ni ta saman kanta, irin kallon da ke cewa ke da boko kika bari tsohuwa ta zautu.

Talata, 30 ga Yuli, bayan magariba

Irmiya ya wuni. Ya kwance kujeru ya fito da su. Ya zare kafet, ya ɓamɓare soson da ke ƙasa, ya matse shi a bakin rariya. Ruwan ba fari ba ne. Ya duba, na duba, ya ce, "Tsatsa ce, madam," na ce haka ne, tsatsa ce. Ya wanke hannunsa sau biyu da sabulu.

Ya nuna mini abubuwan da ban sani ba shekara huɗu ina zaune da motar nan. A gindin gilashin gaba akwai ƙananan ramuka da ruwa ke bi ya fita, ganyen bedi ya toshe su, ruwan sama sai ya juya ciki. Ya zare ganyen da waya. Robar ƙofar baya ta tsage, ya liƙa guntun tayar keke. Mun tura Dattijuwa daga ƙarƙashin bedi, muka juya fuskarta gabas don ta sha ranar safe. Tamfol kuma ya kafa sanduna huɗu ya ɗaura shi sama kamar rumfa, iska na wucewa ta ƙasa. Ya ce duk ranar da aka yi rana in buɗe ƙofofi huɗu, in shanya soso da kafet a kan katanga, gawayi kuma in riƙa shanya shi ina mayarwa.

Can sai na ga ya ɗauko sabulu da tsohuwar jarida ya nufi gaba. Ya ce in an goga sabulu a farabiris, gilashin gaba ke nan, aka murje da takarda, gumi ba ya sake kamawa.

Ban san na yi ihu ba sai da kajin maƙwabta suka watse. Na riƙe masa hannu, ni matar aure, a tsakar gida. Na ce ya taɓa ko'ina ban da nan. Na gaya masa dalili, ina jin kunyar kowace kalma.

Ya ajiye sabulun. Ya ce, "Na bar shi. Amma ki sani, in ta bushe gumi ba shi zuwa. In gumi bai zo ba, ba ku ganin komi. Ɗaya za ki zaɓa."

Na ce ya ce kada ta yi funfuna.

Alhamis, 1 ga Agusta, asuba

Ya fito, amma gefen gilashin ya fara washewa. Inna ba ta lura ba.

Asabar, 3 ga Agusta, ban duba agogo ba

Wani dattijo ya yi sallama da hantsi, Yaya Maliki ne ya rako shi. Sunansa Gado, yana noman tattasai a fadamar Jiratawa, Hafizu ke ɗauko masa kaya zuwa kasuwa. Ya zauna a bakin zaure bai yarda ya hau tabarma ba. Ya ciro wani abu daga hularsa ya miƙo mini. Farmi ne, takardar tuƙin Hafizu, ruwa ya cinye rabin hoton.

Ya ce Hafizu ya iso garkarsa ranar Alhamis da rana, ya ɓoye shi a bukkar da ke bakin hanyar ruwa. Sun shirya ranar Asabar zai bi masu shanu ya tsallaka iyaka.

"Ran Juma'a bayan an sauko masallaci sunka zo, su biyu. Ba su yi ta yawo ba, malama. Sunka shigo gari suna tambayar wa direban nan ka ɗaukar ma kaya, kamar an nuna musu hanya. Ina cikin tattasai na duƙa. Na ga sun hito da shi. Bai yi gardama ba. Wagga takarda bayan kwana biyar na tsince ta cikin ciyawar bakin ruwa."

Ya ce tsoro ne ya hana shi zuwa sati uku, ya roƙi gafara. Sannan ya ƙara abin da ya ɗauka zai sanyaya mini rai.

"Ya yi zancenki da daren. Ya ce, na ce ma madam Tibiri za ni. In sun matsa mata ta hwaɗi, ba laihinta, kuma ba su iske kowa. Ya ce ba shi son ki ɗauki nauyin da ya hi ƙarhinki."

Na ce Allah ya saka. Na kawo masa fura. Na tsaya har ya shanye, na karɓi ƙwaryar na wanke.

Lahadi, 4 ga Agusta, asuba

Jiratawa na ce musu.

Lahadi, da yamma

Na zaɓe shi ne don yana kudu, Tibiri na arewa. Ina tsaye a zauren nan na yi lissafina kamar a allo, na ce bari in tura su can ƙarshen duniya. Shi ya yi mini ƙarya don ya ɗauka zan karaya in faɗi gaskiya. Ni na yi musu ƙarya don ban karaya ba. Da na zama matsoraciyar da ya zata, da yanzu yana Katsina yana shan shayi.

Ba wanda ya sani. Mutanen nan biyu sun sani.

Yaya Maliki ya gaya wa Inna abin da Gado ya faɗa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Sun kama shi, na ji. To mi? Wanda anka kama ana sakinshi. Hannunshi na hitowa." Ta tashi ta zuba tuwo a kwanonsa.

Talata, 6 ga Agusta, hantsi

Rana kwana uku a jere. Soso ya bushe ƙamas, na mayar da kaina, na shimfiɗa kafet, Irmiya ya zo ya mayar da kujeru. Na sake gawayi. Warin ya tafi, sai ɗan ƙamshin turaren da yake ratayawa a madubi ya dawo, ban shirya masa ba.

Na san abin da nake yi. Kowace safa ta gawayi da na tura ƙarƙashin kujera, na san me take sha. Zan iya bari. Amma abu ɗaya ya ce in yi. Wanda bai ce in yi ba na yi shi da wayona, ga inda ya kai mu.

Yau yatsu uku kawai suka fito, da rabin tafin.

Alhamis, 8 ga Agusta, asuba

Ƙaramin yatsan kaɗai. Inna ta kai fuskarta har tana taɓa gilashi.

Juma'a, 9 ga Agusta, asuba

Babu.

Asabar, 10 ga Agusta, asuba

Babu. Gilashi garau, ana ganin sitiyari.

Litinin, 12 ga Agusta, bayan azahar

An yi ruwa jiya kamar da bakin ƙwarya, na ce yau kam. Babu. Aikin Irmiya ba ya da gyara, Allah ya yi masa albarka, na kusa tsine masa.

Inna ta tsaya a gaban motar har rana ta kai mata ƙafa. Ta ce, "Yau kwana huɗu bai zo ba."

Na ce, "Inna, motar ce ta bushe. Ni na busar da ita. Tun farko na gaya miki danshi ne."

"Kin hwaɗi, ɗiyata," in ji ta, ta dafa kafaɗata kamar ni ce abin tausayi. "Ba laihinki ba ne."

Na shiga makewayi na toshe bakina da zane.

Laraba, 14 ga Agusta, bayan magariba

Ba ta zuba tuwo a kwanonsa ba. Ta wanke shi ta kife a kan randa. Ita ma ba ta ci ba.

Juma'a, 16 ga Agusta, da yamma

Yaya Maliki ya zo da maganar liman. Ba gawa, ba wanda ya ga mutuwa da idonsa, don haka ba sallah, ni kuma ba takaba. Ina nan matar aure har sai shekaru sun yi hukunci. Amma ba a hana sauka da sadaka ba. Ranar Talata kwana arba'in da fitarsa, Yaya Maliki yana son a tara malamai a toya masa a raba. Sau biyu a baya ya kawo zancen Inna ta kore shi. Yau ta ce, "A yi."

Daga ranar Talata matan layi za su samu gaisuwar da za su yi mini.

Lahadi, 18 ga Agusta, hantsi

An jiƙa shinkafar masa. Inna ta kwanta tun jiya, fuskarta a bango. Na kai kunu ta ce in ajiye, na dawo na tarar ƙuda ne suka sha.

Dattijuwa tana ƙyalli a rana. Ban taɓa ganin ta da kyau haka ba, kuma ba na son kallonta.

Litinin, 19 ga Agusta, bayan magariba



Da la'asar mata suna can baya wajen niƙa. Na ɗora ruwa ya tafasa a ƙaramar tukunya. Na ce wa kaina gani kawai zan yi, sau ɗaya, kafin gobe a cika gidan nan ana ce mini ya haƙuri. Na shiga na zauna a kujerarsa, na ɗaga gilasai duka, na ja ƙofa, na ajiye tukunyar a gefe na buɗe murfi.

Tururi ya hau. Gilashin ya dushe daga ƙasa zuwa sama, sai ga shi. Duka. Sharar, tafin, yatsu biyar, ƙaramin a karkace. Daga ciki ban taɓa ganinsa ba, kullum ta waje nake leƙe. Daga kujerar nan yana daidai fuskata, har zanen tafin ana gani.

Na gaya masa. Da baki, da murya, na ce ni ce na ce Jiratawa. Na ce ka raina ni, da ka gaya mini gaskiya. Na ce ka yafe mini. Na ce abubuwa da yawa da ba na littafi ba.

Ban yi niyyar taɓawa ba. Na ga dai hannuna a cikin nasa, nasa ya fi nawa da gaɓa guda a kowane yatsa. Gilashin da ɗumi. Sai kukan da na riƙe tun ranar Gado ya ƙwace, na jingina da ƙarfina duka, hannuna ya zame, na sake dafawa, ya sake zamewa. Da na ɗago ba sharar, ba karkataccen yatsa. Na murje shi. Abin da na hana Irmiya, abin da na tsare kwana talatin da biyar, na murje shi da tafina.

Na fito na bar tukunyar a ciki, ban ko tuna da sauke gilasai ba.

Talata, 20 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Masu toya masa sun iso tun da duhu, an hura wuta, an shimfiɗa tabarmin malamai a ƙofar gida. Na fito zan ɗauke tukunyar kafin wani ya gani, na tarar gilashin ya yi gumi fari fat. A gefen direba hannu ɗaya, ƙarami, yatsu a miƙe. Nawa.

Ban ji tahowar Inna ba. Kwana uku ba ta taka tsakar gida ba, sai ga ta a bayana tana dafe da bango. Ta matsa, ta kai fuskarta kusa, ta daɗe tana dubawa. Na jira ta juyo ta tambaye ni. Na shirya in faɗi duka, har da Jiratawa.

Ta ɗaga yatsa ta bi gefen shatar ta waje, a hankali.

"Wayyo Auta," in ji ta. "Ya rame. Ba su ba shi abinci."

Ta juyo, idonta ya cika, tana murmushi. Ta ce in aika a gaya wa Babba, wato Yaya Maliki, a naɗe tabarmi, ba a yi wa mai rai sadakar arba'in, masar a raba wa maƙwabta haka nan. Ta ce in kawo mata kunu, yunwa take ji. Sannan ta riƙe hannuna, wannan hannun, ta ce daga yau kada in sake buɗe motar nan rana ta kore shi, kuma da yamma in cika kwanonsa sosai.

Na ce to, Inna.